Edna Manley: Matar Da Ta Sassaƙa Fuskar Mutanen Jamaika

A wannan mako filinmu na tarihin mashahuran mutane zai ƙetare teku ya sauka a tsibirin Jamaika, inda za mu kawo wa masu karatu labarin wata mata da ake kira Edna Manley. Mijinta ya yi Firimiyan ƙasar, ɗanta kuma ya yi Firayim Minista, amma ita da aikin hannunta ta yi suna. Masassaƙiya ce. Ta shekara 65 a tsibirin tana fama da itace da dutse da yumɓu, har mutanen ƙasar suka riƙa kiranta uwar fasahar Jamaika.

In an ce sassaƙa, kada mai karatu ya kai hankalinsa ga turmi da akushi da kujerar mata. Irin tata sassaƙar ita ce ta mutum-mutumi, watau a ɗauki gungumen itace a fitar da siffar mutum daga cikinsa. Ba don bauta ake yin su ba. Akan ajiye su a dandali, ko a ƙofar kotu, ko a gidan tarihi, don tunawa da wani mutum ko wani al'amari da ya faru, kamar dai yadda ake sa hoton shugabanni a jikin takardar kuɗi. To, tambayar da ta bi Edna Manley tun tana da rai har bayan mutuwarta ita ce: fuskar wa ya kamata a kafa a dandalin ƙasar da galibin mutanenta baƙar fata ne, kuma wa ke da ikon cewa ga yadda fuskar take?

Tsibirin Da Ta Tarar

Jamaika tsibiri ne a tekun Karibiyan, kudu da ƙasar Kyuba, tsawonsa wajen mil 146. Ƙasa ce mai duwatsu da zafi da ruwan sama mai yawa. Turawan Ingila sun ƙwace ta daga hannun Sifaniyawa cikin shekarar 1655, suka mai da ita gonar rake, suka riƙa kwaso bayi daga Afirka ta Yamma don su yi musu noma. Da yawa daga cikin bayin nan an ɗebo su ne daga ƙasar da ake kira Ghana a yau, da kuma kudancin Nijeriya. Har gobe yaran Jamaika suna jin tatsuniyoyin Anansi, wanda kakanninsu suka zo da shi daga ƙasar Ashanti, mai wayo da ha'inci kamar Gizonmu na Ƙoƙi.

An 'yanta bayi gaba ɗaya cikin 1838, amma mulki da ƙasa da dukiya suka ci gaba da zama a hannun Turawa da 'yan tsirarun masu hasken fata. Wanda ya zaga biranen tsibirin a farkon ƙarni na 20 zai ga haka a dandali ma. A tsakiyar Kingston, babban birnin ƙasar, ga mutum-mutumin Sarauniya Victoria. A garin Spanish Town, tsohuwar hedkwata, ga na Admiral Rodney, kwamandan jiragen ruwan yaƙin Ingila da ya ci Faransawa da yaƙi cikin 1782, an sa masa tufafi irin na sarakunan Rum na dā. A Cibiyar Jamaika, wadda Gwamna Musgrave ya kafa cikin 1879 don raya ilmi da fasaha, hotunan gwamnoni Turawa ne jere a bango. Mai yankan rake da mai tallar ayaba da ɗan dako, waɗanda su ne jama'ar ƙasar, ba wanda ya ga sun cancanci a zana su. 'Yan matan manyan gida da ke koyon zane kuwa, furanni da filayen Ingila suke kwaikwaya daga littafi.

Haihuwarta Da Aurenta

An haifi Edna cikin shekarar 1900 a garin Bournemouth na Ingila. Mahaifinta, Harvey Swithenbank, Bature ne limamin cocin Methodist, wanda ya yi aikin mishan a Jamaika ya auro mahaifiyarta Ellie Shearer daga can. Dangin uwar tata suna da jinin Turawa da na Afirka, amma ita Edna in ka gan ta sai ka rantse Baturiya ce tsantsa. Su tara ne a wurin iyayensu, ita ce ta biyar. Tana da shekara 9 mahaifin ya mutu, ya bar uwar da ɗawainiyar yara a yankin Cornwall, can ƙarshen kudu maso yammacin Ingila. Tun tana ƙarama an san ta da taurin kai da son dabbobi, musamman dawaki, kuma wannan son dawaki bai rabu da ita ba har tsufanta.

Cikin 1914 wani saurayi ya zo daga Jamaika don karatun lauya a jami'ar Oxford, ya sauka gidansu gaishe da 'yar'uwar mahaifiyarsa. Sunansa Norman Manley. Ba a jima ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauke shi, shi da ƙanensa Roy suka shiga soja a rundunar manyan bindigogi. Aka kashe Roy a fagen fama cikin 1917, Norman ya dawo da lambar jaruntaka da kuma baƙin ciki mai yawa. Ita kuwa Edna ta tafi Landan koyon zane da sassaƙa, ta yi makarantu da dama, ciki har da ta St Martin's, ta kuma zauna hannun wani gwanin sassaƙa dabbobi ana ce da shi Maurice Harding. Cikin 1921 aka yi auren zumunci tsakaninta da Norman. Shekara na zagayowa, watau 1922, suka shiga jirgin ruwa da jaririnsu Douglas suka nufi Jamaika. An haifi ɗansu na biyu, Michael, a Kingston cikin Disamba 1924.

Zaman farko bai yi mata daɗi ba. Matan masu hali na Kingston a lokacin ba abin da ke gabansu sai shan shayi da ziyarar juna da ƙididdige hasken fatar kowa. Macen da za ta ɗaura bante ta ɗauki cizal da guduma tana dukan itace tun safe, a wurinsu abin mamaki ce. Ba gidan nuna zane ko ɗaya a tsibirin, ba maƙerar da za ta zuba mata tagulla, ba kuma abokin sana'a da za su yi shawara. Sai ta juya ga kasuwa. Aikinta na farko a Jamaika, cikin 1922, siffar wata mai tallar duwatsun wuya ce da ta gani a durƙushe a kasuwa. Daga nan ta kama hanyar da ba ta sake ta ba, watau ɗaukar talakan Jamaika a matsayin abin da ya isa a sassaƙa.

Shekaru goma na farko, a Ingila aka fi saninta. Takan gama aiki a Kingston ta sa a jirgi a kai Landan a nuna. Ta koma amfani da icen mahogani na tsibirin, wanda ɗan'uwan maɗacinmu ne, mai ƙarfi da ja-ja-ja in an goge shi. Da shi ta sassaƙa wata babbar siffar mace cikin 1929, ta sa mata suna Eve, watau Hauwa'u, wadda aka yaba ƙwarai a Landan, daga baya ta shiga gidan ajiye zane na birnin Sheffield. Cikin 1930 aka karɓe ta a ƙungiyar masu fasaha ta London Group. Da ta so, da ta ci gaba a haka, tana zaune a Jamaika tana sayar wa Turawa. Amma abin da ke damunta shi ne, mutanen da take sassaƙawa ba su taɓa ganin aikin ba.

Baƙin Mutum Ya Farka

Shekarun 1930 sun zo wa Jamaika da wahala. Farashin sukari ya faɗi a kasuwar duniya, cuta ta kama ayaba, 'yan ci-rani da suka tafi Kyuba da Panama da Amurka aka riƙa koro su gida ba aikin yi. A wannan lokaci kuma maganganun Marcus Garvey, ɗan Jamaikan nan mai kiran baƙar fata su san darajar kansu, sun riga sun shiga kunnen talakawa.

Cikin wannan hali ne, a shekarar 1935, Edna ta sassaƙa aikin da ya fi kowanne suna a tarihinta. Ta kira shi Negro Aroused, ma'ana baƙin mutum ya farka. Ba wani babba ba ne, tsawonsa ƙafa biyu da 'yan kai. Siffar ƙaƙƙarfan namiji ce daga ƙugu zuwa sama, ya dafa ƙasa da hannu yana yunƙurin tashi, ya ɗaga kai yana duban sama. A shekarun nan ta yi waɗansu irinsa: masu haƙa da diga, matan kasuwa, da kuma wata siffa ta dutse da ta kira Pocomania, sunan wata ɗariƙar talakawa mai haɗa addinin Kirista da al'adun Afirka, wadda manyan gari ke ƙyama.

Cikin 1937 ta yi nunin ayyukanta na farko a Kingston. Jama'a suka yi ta tururuwa. Da aka ji za a kwashe kayan a kai Landan, sai waɗansu mutanen gari suka ce wannan baƙin mutum mai yunƙuri ba zai bar ƙasar ba. Aka yi karo-karo aka saye shi, aka miƙa wa Cibiyar Jamaika. Wannan shi ne harsashin taskar fasahar zamani ta ƙasar, kuma abin lura shi ne da kuɗin aljihun jama'a aka aza shi, gwamnatin mulkin mallaka ba ta sa hannu ba.

Shekara guda bayan haka abin da itacen ya nuna ya faru a fili. Cikin watan Mayu 1938 leburorin kamfanin sukari a Frome, yammacin tsibirin, suka tayar da ƙayar baya suna neman a biya su dala guda a yini. 'Yan sanda suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu. Wutar ta kama Kingston, ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka shiga yajin aiki, gari ya tsaya cik. Aka kama Alexander Bustamante, wanda ke yi wa ma'aikata jawabi, shi ma ɗan'uwan su Norman ne ta wajen dangin Shearer. Norman Manley, wanda a lokacin shi ne lauyan da ya fi kowa suna a ƙasar, ya shiga tsakani har aka sake shi. Edna kuwa ta sauka bakin tashar, ta haɗa kai da wata mai wanki ana kiranta Aggie Bernard, suna dafa abinci suna ciyar da masu yajin aiki da iyalansu.

Cikin Satumba na wannan shekara Norman ya jagoranci kafa jam'iyyar PNP mai neman mulkin kai. Bustamante ya kafa tasa, JLP, cikin 1943. Tun daga ranar har yau jam'iyyun nan biyu ke karɓa-karɓar mulkin Jamaika. Cikin 1944 aka ba kowane baligi, mace da namiji, ikon jefa ƙuri'a.

Makarantar Da Ta Fara Da Aji Guda

Edna ta gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko ta sassaƙa siffa ɗari, in babu 'yan ƙasa masu zana ƙasarsu da idonsu, aikin zai mutu tare da ita. Cikin 1939 waɗansu masu ra'ayin sauyi, ita ma tana cikinsu, suka dira taron shekara na Cibiyar Jamaika suka nemi a sauke hotunan gwamnoni a ba 'yan ƙasa wuri. Daga wajen 1940 ta fara koyar da zane kyauta a sashen yara na Cibiyar, ita da waɗansu 'yan sa-kai. Darasinta bai da wuyar faɗi: kowa ya zana abin da yake gani a unguwarsu, da kalar fatar da yake gani a madubi.

Daga cikin waɗanda suka bi ta hannunta akwai Albert Huie, yaro daga garin Falmouth, wanda daga baya aka riƙa kira uban masu zanen Jamaika saboda hotunansa na kakar yankan rake da ƙauyuka. Akwai David Pottinger, mai fentin gidaje da allunan shaguna, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zana lungunan tsohon Kingston. Akwai Ralph Campbell da Henry Daley. Ta kuma ƙarfafa wa John Dunkley gwiwa, wani wanzami da bai taɓa shiga ajin zane ba, ya cika shagonsa na aski da zane-zanensa. A yau ana lissafa shi cikin manyan masu zanen Karibiyan. Ajin nan na kyauta shi ya girma ya zama Makarantar Zane da Sana'o'in Hannu ta Jamaika cikin 1950.

Ba ta tsaya ga zane kaɗai ba. Ta yi aikin edita a jaridar Public Opinion ta 'yan kishin ƙasa, sa'an nan cikin 1943 ta fito da mujallar adabi mai suna Focus, inda matasan marubuta suka sami wurin buga waƙoƙi da labaransu. Gidansu da ake kira Drumblair ya zama zauren taro, kullum cike da mawaƙa da masu zane da 'yan siyasa ana muhawara har dare ya raba. Cikinsu akwai mawaƙi George Campbell, da Vic Reid, da Roger Mais, wanda Turawa suka ɗaure wata shida cikin 1944 saboda wata maƙala da ya rubuta yana sukar mulkin mallaka.

Akwai ɗaya daga cikin yaran gidan nan da ya kamata masu karatunmu su sani, domin ya sha ruwan ƙasar Hausa. Shi ne M. G. Smith, abokin Michael Manley tun suna makaranta, wanda Edna ta riƙe kamar ɗanta, ta kuma buga waƙoƙinsa a Focus. Daga baya ya karanci ilmin al'adun al'umma a Landan, ya zo lardin Zazzau cikin 1949 yin bincike, ya rubuta littafin nan Government in Zazzau da ya fito cikin 1960, ya kuma yi waɗansu a kan sarautar Daura da ta Kano. Matarsa Mary Smith ita ce ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, littafin da ya fito cikin 1954 da sunan Baba of Karo.

Cikin 1943 Cibiyar Jamaika ta ba Edna lambar zinariya ta Musgrave. A shekarar ce kuma ta sassaƙa kan wani doki yana zabura, ta kira shi dokin asuba, wanda har yanzu yana cikin ayyukanta da jama'a suka fi so. Suna da wata 'yar bukka a kan duwatsun Blue Mountains, inda takan gudu in hayaniyar siyasa ta ishe ta.

Rigimar Paul Bogle

Norman Manley ya zama Babban Minista cikin 1955, sa'an nan Firimiya cikin 1959. A shekarun nan aikin hannun Edna ya ja baya, domin hidimar matar shugaba ta cinye mata lokaci. Norman ya so Jamaika ta zauna cikin tarayyar tsibiran Karibiyan, amma a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 jama'a suka ƙi. Ya sake faɗuwa zaɓe cikin 1962, don haka ranar 6 ga Agusta 1962, da aka sauke tutar Ingila, Bustamante ne ya zama Firayim Minista na farko. Norman ya bar aikin lauya mai kawo kuɗi saboda siyasa, bashi ya taru, har ta kai sun sayar da Drumblair sun koma ƙaramin gida.

Sabuwar ƙasa tana bukatar jarumanta a dandali. Cikin 1965, gwamnatin jam'iyyar da ta kayar da mijinta ta ba Edna aikin yin mutum-mutumin Paul Bogle, don cikar shekara 100 da tawayen Morant Bay. Shi Bogle manomi ne kuma mai wa'azi a cocin Baptist a ƙauyen Stony Gut. Cikin Oktoba 1865 ya jagoranci talakawa zuwa kotun garin Morant Bay saboda zalunci da rashin gonaki da shari'ar son kai. Aka yi arangama, kotun ta ƙone, aka kashe waɗansu jami'ai. Gwamna Eyre ya saki soja a kan jama'a: aka kashe mutum 439, aka yi wa wajen 600 bulala, aka ƙone gidaje kimanin 1,000. Aka rataye Bogle ranar 24 ga Oktoba 1865.

Matsalar ita ce ba wanda ke da tabbacin kamannin Bogle. Akwai wani hoto da ake cewa nasa ne, na wani mutum sanye da kwat, amma masana ba su haɗu a kan sahihancinsa ba. Edna ta tafi yankin da kanta, ta yi magana da tsofaffi, ta sami wani mutum da aka ce jinin Bogle ne ta dubi fuskarsa. Abin da ta fitar shi ne ƙaƙƙarfan baƙin mutumin karkara, ya riƙe adda da hannu biyu a ƙirji, tsininta na duban ƙasa, gwiwoyin hannunsa a buɗe har siffar ta yi kama da gicciye. Aka kafa shi a ƙofar kotun Morant Bay, daidai wurin da abin ya faru.

Tun ranar aka fara ka-ce-na-ce. Waɗansu suka ce ya yi baƙi da yawa, waɗansu suka ce ya yi muni, waɗansu suka ce malamin coci mai mutunci aka mayar ɗan tawaye mai adda. Masu kare ta suka ce ƙyamar baƙar fata da bauta ta dasa a zukata ce ke magana. Masu suka kuwa suka ce Bogle kakansu ne, ba sa bukatar wata haifaffiyar Ingila daga manyan gidajen Kingston ta faɗa musu yadda yake, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganar ba ta mutu ba. Gobara ta cinye kotun cikin 2007, aka ɗauke mutum-mutumin cikin 2009 don gyara, sai ga waɗansu mutanen yankin sun fito sun ce kada a dawo musu da shi, a yi musu wani mai kama da hoton da suka sani.

Ba ita kaɗai ta gamu da irin wannan ba. Cikin 1983 aka gama mutum-mutumin mawaƙi Bob Marley, aikin Christopher Gonzalez, wanda ya yi karatu a makarantar da Edna ta kafa. Ya yi shi kamar bishiya mai saiwa a ƙasa. Jama'a suka taru suka ce wannan ba Bob ɗinsu ba ne, dole aka janye shi, aka sa Alvin Marriott ya yi wani mai kama da shi sak, riƙe da jita. Mutanen da a 1922 ba wanda ke tambayarsu ra'ayi a kan Victoria da Rodney, yanzu su ke yanke hukunci a kan abin da za a kafa musu, kuma hukuncin bai ƙyale wadda ta fara koya musu neman fuskarsu ba.

Akwai kuma masu bincike na baya-bayan nan da ke ganin an cika yabonta. Suna cewa matsayin gidanta ya sa sunanta ya rufe na waɗansu, kuma tun kafin ta zo talakawa suna da fasaharsu a cikin kiɗa da rawa da wasan Jonkonnu na lokacin Kirsimeti da sassaƙar ƙauye. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma ko masu faɗinta ba su musa cewa ita ce ta buɗe aji, ta nemo wurin nuni, ta sa aka fara sayen aikin 'yan ƙasa da daraja ba.

Shekarunta Na Ƙarshe

Norman Manley ya mutu ranar 2 ga Satumba 1969, a shekarar kuma aka sa shi cikin jaruman ƙasa, tare da Bustamante da Paul Bogle da George William Gordon. Mutuwar ta girgiza Edna ƙwarai. Ta koma kan dutse ta kama itace, ta yi jerin ayyuka na makoki, ciki har da siffar mala'ika rungume da mutum. Na ƙarshensu shi ne wanda ta kira tafiya, cikin 1974, kuma daga shi ba ta ƙara sassaƙa babban itace ba, domin ƙarfi ya fara ƙarewa. Ta koma ginin yumɓu ana zuba mata a tagulla.

Ɗanta Michael ya hau mulki cikin 1972. A zamaninsa aka buɗe Gidan Fasaha na Ƙasa cikin 1974, aka kwashe taskar da ta faro daga karo-karon 1937 aka kai can. Cikin 1976 aka tara makarantun zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a harabar guda. Cikin 1977 aka roƙe ta ta sake yin baƙin mutumin nan mai yunƙuri, babba, don tunawa da ma'aikatan 1938. Ta yi shi da taimakon matasan masassaƙa, tsawonsa ƙafa bakwai, amma kafin a kai shi Amurka a zuba masa tagulla sai gobara ta tashi a sito ta cinye shi. Tana da shekara 82 ta sake yin wani cikin 1982.

Zaɓen 1980 ya zo da zubar da jini irin wanda ƙasar ba ta taɓa gani ba. 'Yan bangar jam'iyyun nan biyu suka yi ta harbin juna a unguwannin talakawan Kingston, aka kashe mutum wajen 800 a shekarar, Michael kuma ya faɗi. Edna ta amsa da aikin da ta kira Ghetto Mother cikin 1981: uwa ce a tsugune, bakinta a buɗe don firgita, 'ya'yanta sun maƙale mata. Wanda ya ajiye wannan kusa da aikin 1935 zai ga tafiyar shekara 46 ta ƙasar, daga mutumin da ke ɗaga kai da fata zuwa uwar da ke kare 'ya'yanta daga harsashin 'yan'uwansu. A 1980 ɗin ne gwamnati ta ba ta lambar girma ta Order of Merit.

Ta mutu a Kingston cikin Fabrairu 1987 tana da shekara 86, aka binne ta kusa da mijinta a Dandalin Jaruman Ƙasa. Ba ta ga dawowar Michael kan mulki cikin 1989 ba. A shekarar ce jikarta Rachel Manley ta buga littafin abubuwan da kakar tata ta riƙa rubutawa na yau da kullum. Cikin 1991 aka sake yin karo-karo, aka faɗaɗa aikin 1982 aka zuba shi a tagulla, aka kafa shi a bakin tekun Kingston, kusa da inda ma'aikatan tasha suka yi yajin aikinsu. Cikin 1995 kuma aka sa wa makarantun nan huɗu sunanta, watau Kwalejin Edna Manley, inda matasa daga tsibiran Karibiyan ke zuwa koyon zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.